Tsohuwar mota mai tsayin ƙafa: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Lamorde unguwa ce ta birnin Yamai, a ƙetaren kogin Isa, wajen da Zabarmawa ke ce ma Harobanda. Da can ƙauyen Fulani ne. Da aka buɗe gadar Kennedy a shekarar 1970, birni ya ƙetaro ya iske shi. Yanzu akwai babbar likita a nan. Jami'ar Abdu Mumuni tana kusa. Gonakin shinkafa da garake suna bakin ruwa. Hanyar Torodi da hanyar Sayi duk ta wannan gefe suke fita.

Wanda ya tsaya bakin gada da safe zai ga wata irin mota tana wucewa da yawa. Ta fi taksi tsawo daga ƙasa, amma ba ta kai Land Cruiser ba. Wadda aka fi sani ita ce Toyota RAV4. Akwai kuma Honda CR-V, da Hyundai Tucson, da Kia Sportage, da Suzuki Vitara. Kusan dukansu an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso Nijar. Ana ce masu okaziyon, ko ƴan Kwatano.

Sha'awar wannan mota ta kai karkara. Wani ya saida shanu ya saye ta. Wani ɗansa da ke ci-rani ya aiko masa da kuɗi. Wata ƙungiyar manoma ta ce a tara kuɗi a saya, domin kai marar lafiya likita da dare. Niyyar tana da kyau. Amma sau da yawa, bayan shekara ɗaya ko biyu, sai a iske motar bisa duwatsu a ƙofar gida, kaji suna kwana ƙarƙashinta. Dukiyar gida ta tsaya wuri guda, ba ta tafiya, ba ta haihuwa.

Wace irin mota ce?

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara fitar da RAV4 a shekarar 1994. Ya sake mata siffa a 2000, sannan a wajen 2006, da 2013, da 2019. Shi ya sa in an ce RAV4, sai a tambaya: ta wace shekara? Sunan ɗaya ne, amma inji da kayan gyara sun bambanta.

Mutane da yawa suna ɗaukar ta kamar ƙaramar Hilux. Kuskure ne. Hilux da Land Cruiser suna da shasi na ƙarfe mai kauri, kamar tsani, an ɗora jiki a bisa. Ita kuwa RAV4 da yawancin ƴan uwanta, jiki da shasi abu guda ne, kamar na ƙaramar motar gari. An ɗaga ta sama ne kaɗan. Tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 19 ne. Ta fi ƙaramar mota da kamar faɗin yatsu uku. Wannan yana taimako a hanyar jan ƙasa da cikin ƙananan ramuka. Bai isa ya ƙetarar da ita korama da damina ba.

Kuma ba kowace ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Daga waje ba a ganewa. Sai an leƙa ƙarƙashi. In akwai dogon ƙarfe da ya taso daga gaba zuwa ƙafafun baya, to mai ja da huɗu ce. Ita ta fi fita daga rairayi, amma ta fi shan mai, kuma kayan da za su lalace a cikinta sun fi yawa.

Ga maganar kaya. Nauyin da aka yi motar ta ɗauka bai wuce kilo 500 ba, wasu ma ba su kai ba. Kuma da mutanen ciki ake lissafi. Manya biyar, kowane kilo 70, sun kai kilo 350. Abin da ya rage bai kai buhu biyu na hatsi ba. Wanda ya cusa mata buhu shida na shinkafa, ya ɗaure rago a bisa, ya kama hanyar Sayi, za ta kai shi. Amma ƙafafun baya za su rama a garaji.

Daga ina suke zuwa?

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto a shekarar 2020. Rahoton ya ce daga 2015 zuwa 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyon 14 zuwa wasu ƙasashe. Kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Ya ce kuma da yawa a cikinsu ba su cika sharuɗɗan yawo bisa hanya a ƙasashen da suka fito ba.

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa motocin suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi ta Paraku, da Malanbil, da Gaya, da Doso, su shigo Yamai. Tafiyar ta fi kilomita 1,000. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka da Benin. A 2024 kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru. Kuɗin wannan wahala bisa mai saye yake faɗawa, ko mota ce ya saya, ko ƙaramin ƙarfen gyara.

Sanin ƙasar da mota ta fito yana da amfani. A Kanada da arewacin Amurka ana zuba gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara. Gishirin yana cin ƙarfe. Mota tana iya sheƙi a sama, ƙarƙashinta kuwa tsatsa ta cinye. Wasu motocin Amurka kuma daga kasuwar gwanjo ake sayo su, bayan sun yi hatsari ko ruwa ya ci su. A gyara, a shafa fenti, a kawo.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Agogon tafiya na motar Amurka da mil yake ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1 ne da ɗigo 6. Idan agogo ya nuna 150,000, to motar ta yi kilomita 240,000. Dillali ba zai yi gaggawar faɗin haka ba. Ban da wannan, ana iya maida lambar agogo baya. Don haka mai saye ya duba abin da ba ya ƙarya: robar da ake takawa da ƙafa, da fatar sitiyari, da kujerar direba. In duk sun side sun goge, agogo kuwa yana nuna ƴar tafiya kaɗan, to an taɓa shi.

Ciwon da aka san su da shi

Gaskiya ne RAV4 mota ce mai jimiri. Injinta yana daɗewa in ana kula da shi. A Yamai makanikai sun san ta, kayan gyaranta kuma ba su da wuyar samu kamar na wasu motoci. Wannan shi ne babban dalilin tsadarta. Motar da ba a san ta ba tana iya yin araha ranar saye, sannan ta yi wata biyu a garaji ana jiran ƙarfe guda daga waje.

Amma kowace shekara da nata ciwo. RAV4 ta 2001 zuwa 2003, mai giya da ke canza kanta, an san ta da matsalar kwamfutar da ke ba giya umurni. Motar sai ta riƙa fizga in za ta canza giya. In aka yi sakaci, akwatin giyar duka ya lalace. Ta 2006 zuwa 2008, mai inji lita 2 da ɗigo 4, an san wasunsu da shan man inji. Wata kan sha lita guda kafin ta yi kilomita 2,000. Kamfanin da kansa ya amsa waɗannan matsaloli biyu, ya yi ma masu motoci gyara a Amurka. Amma wa'adin wannan gyara ya wuce tuni. Wanda ya saye ta yau a Yamai, aljihunsa ne zai biya.

Ta farko, wadda aka yi daga 1994 zuwa 2000, igiyar roba ce ke daidaita aikin injinta. Ana canza igiyar wajen kowane kilomita 100,000. In ta tsinke a daji, mota ta tsaya nan take. Masu isansi da suka biyo baya sarƙar ƙarfe gare su, ba a cika canza ta ba.

Masu aiki da gazuwal daga Turai ba su shan mai sosai. Sai dai kayan fesa mansu ba su son gazuwal mai ruwa ko datti, kuma gyaransu akwai tsada.

Ƙasar ma tana da nata rabo. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. Batir ba ya daɗewa cikin wannan zafi. Robobi suna bushewa su tsage. Da hunturu ƙura tana toshe matacin iska, inji ya shaƙe, shan mai ya ƙaru. Ruwan rijiya da ake zubawa domin sanyaya inji yana barin tsatsa da farar ƙasa cikin bututu. Wata rana allurar zafi ta hau, direba bai lura ba, inji ya ƙone. Gyaran wannan kaɗai yana iya cinye kuɗin sa guda. Akwai ruwan sanyaya inji na musamman da ake saidawa cikin galan. Shi ya dace.

Mutanen Lamorde sun san wani abu kuma. A 2012 kogi ya cika ya shiga unguwannin Harobanda. A watan Satumba na 2020 ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsar Lamorde, ya ci gidaje da gonaki. Motar da ta kwana cikin irin wannan ruwa ba ta komawa daidai. Tana iya tashi, ta yi wata shida lafiya. Sannan wayoyin lantarki su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta mutu, jibi motar ta ƙi tashi. Alamarta ita ce warin danshi, da busasshen laka ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, da tsatsa bisa ƙarafan kujeru. In an fesa turare da yawa cikin mota, a tambayi dalili.

Ranar dubawa

Mai saye ya tafi da makaniken da shi ya zaɓa, ya biya shi ladansa. Makaniken dillali na dillali ne. A tafi da safe, kafin a tada motar, domin inji mai sanyi shi ke nuna halinsa. Wani ya tsaya a baya ya duba hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona mansa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya tsayawa yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin da ake zuba man inji. In an ga abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya gauraya da mai. A bar wannan mota.

Idan aka murɗa makulli, ƙananan fitilu suna kamawa a gaban direba, sannan su mutu in inji ya tashi. Wadda ta ƙi mutuwa tana faɗin akwai ciwo. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne domin a ɓoye ciwon.

Sannan a tuƙa ta. Zagaye ɗaya cikin fili bai isa ba. A hau kwalta, a sauka jan ƙasa, a taka birki da ƙarfi, a saurari ƙafafu bisa gargada. A bari ta yi zafi sosai, a ga ko allura za ta hau.

Taya ma tana da ranar haihuwa a rubuce. A gefenta akwai lambobi huɗu cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2318 yana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta bai goge ba, robarta ta tsufa. Bisa kwalta mai zafi tana iya fashewa. Wanda ya koyi karatun lamba a ajin yaƙi da jahilci zai iya karanta wannan da kansa, ba sai ya tambayi kowa ba.

Lissafin abincinta

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Sun tara kuɗin saye, ba su yi lissafin ciyarwa ba. Mota kamar doki take. Sayen doki rana ɗaya ne, harawa da dawa kuwa kullum ne.

Tsohuwar RAV4 mai isansi tana shan wajen lita 10 a kilomita 100. Cikin gari, da na'urar sanyi a kunne, ta fi haka. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Domin lissafi ya yi sauƙi, a ce lita dala ɗari ce, wato sefa 500.

A ce mutum yana zaune a Lamorde. Kullum yana ƙetare gada zuwa kasuwa, ya kai yara makaranta, ya leƙa gona. A ce kilomita 30 a yini. Lita 3 ke nan, jikka 1 da rabi. A wata jikka 45. A shekara jikka 540. To, mafi ƙarancin albashi da doka ta tsaida a Nijar daga watan Janairu na 2024 jikka 42 ne a wata. Ashe man motar kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci. Zuwa Doso da dawowa kilomita 280 ne, lita 28, jikka 14.

Da can wasu suna dogara da man bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya, domin ya fi araha. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, arahar ta ƙare. Kowa ya koma gidan mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 aka yi ta ta tace a yini. A watan Maris na 2025 an yi ƙarancin isansi, motoci suka yi dogayen layuka a Yamai. Man kwalba kuma, in an gauraya shi ko ƙura ta shiga, yana kashe famfon mai.

Bayan isansi sai bidanji, wato juyen man inji. A ƙasa mai ƙura da zafi, ana so a yi shi kowane kilomita 5,000. Mutumin misalin nan yana yin wajen kilomita 11,000 a shekara, ke nan sau biyu aƙalla. Kowane juyi wajen lita 4 na mai, da sabon mataci. Akwai man jabu a kasuwa cikin galan mai kyan gani. A saya inda aka sani. Jinkirta bidanji domin tsimin kuɗi shi ne hanya mafi sauri ta kashe inji.

Sai taya huɗu, waɗanda suka fi na ƙaramar mota girma da tsada. Sai batir, kusan kowace shekara biyu. Sai takalman birki, da robobin ƙafa, da abin da ke tare girgiza. Hanyar jan ƙasa mai gargada tana cin waɗannan da wuri. Kayan gyara kuma iri uku ne: na asali mai tsada, da tsoho da aka ciro daga wata mota, da sabon kwaikwayo mai araha. Sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon kwaikwayo daɗewa. Amma ga birki da taya, rai ne ke bisa, ba wurin neman araha ba ne.

Akwai wata asara da ba a gani da ido. A ce an sayi mota miliyon 4, bayan shekara 4 aka saida ta miliyon 2. Kowace shekara jikka 500 sun tafi, ko motar tana tafiya ko tana tsaye. Saniya in an aje ta tana iya haihuwa. Mota kullum raguwa take yi. In aka haɗa wannan da jikka 540 na isansi, an wuce miliyon 1 a shekara, tun ba a sa gyara da takardu ba.

Don haka wanda duk abin da ya mallaka miliyon 4 ne, bai dace ya sayi motar miliyon 4 ba. Ya rage wani abu a hannu. Kusan kowace okaziyon tana neman gyara a watannin farko: mai, da matatai, da taya, da batir.

Wa ta dace da shi? Mai sana'ar da ke kawo kuɗi kowane wata, wanda yake bin kwalta da jan ƙasa, kuma garaji bai yi masa nisa ba. Manomin da kuɗinsa ke shigowa da kaka kaɗai, zai ji nauyinta da bazara. In buhuna ne zai ɗauka, amalanke ko babur mai ƙafa uku ko hayar mota ranar kasuwa sun fi masa sauƙi. Ƙungiyar da ke son mota domin marasa lafiya kuwa, ta fara da asusu. Ta tsaida wanda zai riƙe makulli, da direba guda mai farmi, da littafin da za a rubuta kowace tafiya da kowace lita. Motar da kowa ke tuƙawa ba ta da mai kula.

Takardu

Mota ba ta hawa hanya sai da takardunta: takardar duwan, da kartigiris, da asiransi, da binyeti, da takardar duba lafiyar mota, da farmin direba. Wasu sau ɗaya ake biya, wasu ana sabunta su. Wanda ya sayi motar da ba a biya ma duwan ba, bashin ya dawo bisa kansa, kuma ana iya kama motar.

Asiransi na dole yana biyan ɓarnar da mota ta yi ma wani. Ba ya gyara motar mai ita. Kuma asiransin motar gida bai shafi fasinja masu biyan kuɗi ba. Wanda ke shirin ɗaukar mutane haya zuwa Torodi domin ya maida kuɗinsa, sai ya nemi takardun haya tun farko.

Kowace mota tana da lambar shasi, galibi haruffa da lambobi 17. Ana ganin ta bisa ƙarfen motar, da jikin ƙofar direba, wasu kuma a gindin gilashin gaba. Mai saye ya riƙe kartigiris a hannu, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. In harafi guda ya saɓa, kada ya ba da ko dala. Ya duba kuma ko sunan da ke bisa kartigiris shi ne ke bisa katin ɗan ƙasa na mai saidawa. In dillali ne, a yi maganar la'adarsa tun kafin ciniki.

In an daidaita, a rubuta takardar ciniki. A sa sunan mai saidawa da na mai saye, da lambar mota, da lambar shasi, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu. A kai ta kumsariya ko ofishin magajin gari a buga mata hatimi. Daga nan mai saye ya je ya maida kartigiris bisa sunansa.